Talabijin mai 3D na tokumbo: a saya ko a bari?

Tambaya: Wani magidanci daga Unguwar Rimi ya rubuto cewa an yi masa tallan talabijin na tokumbo mai inci 55, mai nuna fim na 3D, wato hoto mai zurfi da ke nuna nisa da kusa, haɗe da tabarau biyu, a kuɗin da ya yi kusa da na sabon talabijin marar 3D. Gidansa mutum takwas ne har da yara ƙanana. Yana son sanin amfanin 3D da illarsa, da kuma ko ya dace ya sa kuɗinsa a ciki.

Amsa: Malam, a wannan farashin kada ka saya. Fasahar 3D gaskiya ce, kuma idan aka haɗa mata abubuwan da take bukata tana da kyau ƙwarai. Sai dai abubuwan nan huɗu ne: duhu, babban allo mai haske sosai, mai kallo da zai zauna a miƙe yana fuskantar allon, da fim ɗin da tun asali aka ɗauke shi don 3D. Zauren silima yana iya haɗa su. Falon gida mai mutum takwas da wuya ya haɗa ko biyu daga ciki.

Ka fara da wannan gwaji. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle a kan abin da ke bayansa. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kimanin milimita 63, don haka kowane ido da hoton da yake gani, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun ta fitar da nisa da kusa. Baturen Ingila Charles Wheatstone ya nuna haka tun 1838 da wata na'ura mai madubai. Duk wani fim na 3D aikinsa ke nan: ya ba idon hagu hotonsa, ya ba na dama nasa, ya hana su cakuɗuwa. Inda kamfanoni suka bambanta shi ne hanyar raba hotunan, kuma nan ne ya kamata ka san irin wanda ake tallata maka.

Tsohuwar hanya ita ce tabarau na kwali mai ja a ido ɗaya da shuɗi-kore a ɗayan. Tana aiki a kan kowane allo, amma tana kashe launi, tana kuma gajiyar da ido. Ba ita ake nufi ba idan an ce talabijin mai 3D.

Hanya ta biyu ita ce tabarau mai batir. Gilasansa suna rufewa suna buɗewa bi da bi, allon kuma yana sauya hoto sau 120 a daƙiƙa, 60 na hagu, 60 na dama. Samsung da Panasonic da yawancin na Sony ta nan suka bi. Kowane ido yana samun cikakken hoto mai layi 1080, wannan ne ƙarfinta. Rauninta kuwa da dama. Tabaran yana da nauyi, yana cin batir irin na agogo ko caji, kuma dole ya yi magana da talabijin ɗin. Na Samsung ƙirar 2010 da hasken infrared yake aiki, daga 2011 suka koma Bluetooth, ɗayan ba ya aiki a wurin ɗayan. Wato idan tabarau biyun nan suka lalace, ko kana son ƙarin shida, sai ka nemo waɗanda suka dace da tsarin talabijin ɗin. Sannan wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Idan akwai doguwar fitila fulorasan a falon, ko ƙwan LED mai arha, bugunta yana karo da na tabaran, sai ka ga ɗakin duka yana ƙyaftawa a idonka. Maganinsa a kashe fitilar.

Hanya ta uku tabarau marar batir, mai sauƙi kamar na rana. LG ce ta fi yaɗa ta tun 2011. An manna wata siririyar fata a fuskar allon, layi ɗaya na idon hagu, mai bi masa na dama, tabaran kuma yana tace nasa. Yana da arha, ba ya ƙyaftawa, har irin wanda ake bayarwa a silima mai tsarin RealD yana aiki da shi. Ga gida mai jama'a wannan ne kawai abin dubawa. Rauninsa shi ne kowane ido layi 540 yake samu maimakon 1080, sai fa a kan allon 4K, irin LG OLED C6 da E6 na 2016, waɗanda masu sha'awar 3D ke nema har yau.

Akwai wata matsala da mai shago ba zai gaya maka ba, kuma ita ta fi shafar gidajenmu. Allo mai tabarau marar batir yana so idonka ya kasance daidai da tsakiyarsa. Da ka yi ƙasa ko sama da 'yan digiri kaɗan, layukan hagu sai su fara zubowa cikin idon dama, kowane abu ya fito da inuwa biyu. Mu kuwa muna kafa talabijin can sama a bango don kada yara su taɓa, sannan rabin masu kallo suna zaune a kan kafet. Mai gida da ke kan kujera yana iya ganin hoto mai kyau, yaran da ke ƙasa suna ganin hazo. Wanda ya kishingiɗa kuwa, ko da wane irin tabarau ne, zurfin ya tafi, domin an ɗauki hotunan ne don idanu biyu da ke jere a kwance. Idan dole a kafa shi sama, a sa maƙala mai sunkuyawa, a karkato allon ya fuskanci fuskokin masu kallo. Ga inci 55, a zauna nisan kimanin mita biyu zuwa biyu da rabi.

Ina 3D ke da amfani na gaske? A fim ɗin da fili da nisa suke cikin labarin. Avatar na James Cameron, wanda ya fito a Disambar 2009, an tsara shi don 3D tun daga kyamara, shi ya sa dajin da ke cikinsa yake da ciki da baya, ba abubuwa ne kawai ake jefo wa mai kallo a fuska ba. Gravity na 2013 ma an tsara shi don 3D, mai kallo yana jin girman sararin da mutanen ke shawagi a cikinsa. Finafinan kartun na kwamfuta suna fitowa da tsabta, saboda a cikin kwamfuta ana iya daidaita tazarar kyamarori biyun yadda ake so. Masoya fim ɗin Indiya su ma sun san shi: 2.0 na Rajinikanth da Akshay Kumar, na 2018, da kyamarar 3D aka ɗauke shi, kuma tun 1984 Indiya ta yi fim ɗinta na farko na 3D, My Dear Kuttichathan, wanda aka sake fitarwa da Hindi da sunan Chhota Chetan. Bayan nishaɗi, likitoci masu tiyata ta ƙaramar huda, da masu zanen gini, da masu nazarin hotunan ƙasa daga sama, suna amfana da ganin zurfi sosai. Can ba ado ba ne, aiki ne.

Abin da ya ɓata wa 3D suna shi ne finafinan da aka ɗauka da kyamara ɗaya, sannan aka mayar da su 3D a gurguje don a ƙara kuɗin tikiti. Clash of the Titans na 2010 shi ne misalin da kowa ke kawowa. A irin wannan aikin mutane suna fitowa kamar an yanko su daga kwali an jera wasu gaba wasu baya, gashi da hayaƙi da ruwa kuma suna rikicewa. Juyawa tana iya yin kyau idan an ba ta lokaci da kuɗi, kamar Titanic da aka sake fitarwa a 2012. Amma maɓallin nan da ke jikin rimot, wanda ake cewa yana mayar da kowane shiri 3D nan take, kintace kawai yake yi. Mai shago zai danna maka shi a kan wasan ƙwallo don ya burge ka. Kada ka lissafa shi cikin kuɗin.

Sai maganar haske. Tabarau da rabon hoto tsakanin idanu biyu suna cinye fiye da rabin hasken allo. A silima da yawa abin da ke isa ido a 3D bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hasken fim na yau da kullum ba, musamman inda ake tsumulmular ƙwan majigi. A gida, talabijin yana tura fitilun bayansa zuwa ƙarshe don ya rama. Tsohon talabijin kuwa fitilunsa sun riga sun ja baya. Da rana, ga hasken taga, hoton zai fito a dushe, sai an sauke labule masu kauri.

Ciwon kai da mutane ke kuka da shi yana da dalili sananne. A rayuwa, idan ka kalli abu, idanunka suna yin abu biyu tare: suna juyowa su haɗu a kan abin, kuma kowanne yana daidaita ganinsa a daidai wannan nisan. A fim na 3D an raba waɗannan biyun. Hoton yana kan allo, don haka dole gani ya tsaya a nisan allon, amma ana tilasta wa idanun su haɗu a gaban allon ko a bayansa. Tsokar ido tana ta kokawa da wannan saɓani. A silima, inda allon yake nisan mita goma ko fiye, saɓanin ƙarami ne. A falo, nisan mita biyu, ya fi tsanani. Shi ya sa mutumin da ya kalli fim a silima lafiya lau yake iya jin nauyin ido da jiri a gida bayan rabin awa. Idan aka ƙara da inuwa biyu, ko yankan fim mai sauri, ko rubutun fassara da ke yawo a wani zurfi dabam, abin sai ya ƙaru.

Likitocin ido ba su samu hujjar cewa 3D na lalata lafiyayyen ido ba, gajiya ce mai wucewa. Duk da haka kamfanoni sun yi taka-tsantsan da yara. Nintendo, da ta fitar da na'urar wasa 3DS a 2011, ta ce a kashe wa 'yan shekara shida zuwa ƙasa 3D ɗin. Tazarar idanun yaro ta fi ta babba ƙanƙanta, don haka zurfin da aka auna don manya yana yi masa yawa, tabaran manya kuma yana zamewa daga hancinsa. Mai farfaɗiya ya nisanci tabarau mai batir saboda ƙyaftawarsa. Idan kuma ana fama da Afolo a unguwa, kada a riƙa miƙa wa juna tabarau ɗaya.

Wani abu da nake so iyaye su riƙe: ba kowa ke ganin 3D ba. Mai harara-garke, da wanda ido ɗaya ya fi ɗayan rauni tun yana ƙarami, ƙwaƙwalwarsu ta saba dogara da ido guda. Idan kowa yana mamaki, yaro ɗaya ya ce shi bai ga komai ba, ko yana rufe ido ɗaya, ko kullum shi ke fara ciwon kai, kada a ce rigima ce. A kai shi a auna masa ido. Muna da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a nan Kaduna. Raunin ido irin wannan yana jin magani sosai idan an kama shi da wuri, kafin yaro ya kai shekara bakwai ko takwas, bayan nan gyaran yana wuya.

Yanzu tambayar da ta fi kowacce nauyi: me za ka kalla a kansa? Kasuwar nan ta tashi ne a 2010, shekarar da aka ɗauki wasanni 25 na gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu da kyamarar 3D. Ba ta daɗe ba. Tashar ESPN 3D ta rufe a 2013, BBC ma ta dakatar da nata a shekarar. Samsung ta daina sa 3D a talabijin ɗinta a 2016, LG da Sony suka bi a 2017. Wannan ba shi ne karon farko ba, Amurka ta yi irin wannan zazzaɓin a silima daga 1952 zuwa 1954 ya lafa. Yau tashoshin dikoda ba sa watsa 3D, finafinan Kannywood da fassarar Indiya-Hausa ba a 3D suke ba, faifan 4K ma ba ya ɗaukar 3D. Abin da ya rage shi ne faifan Blu-ray 3D da fayil ɗin da ake saukewa.

Faifan yana bukatar na'urar da ke karanta 3D. PlayStation 3 da 4 suna yi, PlayStation 5 ba ta yi. Ana kulle faifan Blu-ray shiyya-shiyya, Najeriya kuma tana shiyyar B tare da Turai, don haka faifan Amurka mai kulle na shiyyar A ba zai buɗe a na'urar da aka kawo daga Turai ba. Duk abin da ke tsakanin na'urar da allon dole ramin haɗinsa ya kai matakin HDMI 1.4, tsohuwar amfilifaya a tsakiya tana iya toshe 3D ɗin. Fayil kuwa iri biyu aka fi samu: wanda aka jera hotunan gefe da gefe, da wanda aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Ga allo mai tabarau marar batir, nemi na sama da ƙasa. Na gefe da gefe ya riga ya raba faɗin hoton biyu, allon kuma zai sake raba tsayinsa biyu, ka tashi da rubu'in hoton.

Tunda kusan duk talabijin mai 3D ƙirar 2016 ne ko kafin nan, tsohon kaya kake saya, a kuɗin tsohon kaya ya kamata a yi ciniki. Idan mai shi ya sauko sosai, to ba a cinikin biri a sama. Ka je da filash ɗauke da gajeren bidiyo na 3D. Ka karanta lambar ƙirar a bayan talabijin ka bincika ta a intanet, ka kuma duba rubutun wuta: wanda aka rubuta 120V kaɗai na Amurka ne, wutarmu 230 ce, ba tiransifoma zai ƙone. Ka sa allon ya nuna fari fat, ka nemi tabo mai duhu ko shuɗi-shuɗi, alamar fitilun baya sun fara mutuwa. Ka sa baƙi, ka nemi ɗigon da ya maƙale da haske. Sai ka kunna 3D, ka sa tabarau, ka rufe ido ɗaya: hoto guda mai tsabta ya kamata ka gani, in ka ga inuwar na biyu a gefen abubuwa masu haske, haka za ka yi ta fama. Idan zurfin ya juye, na nesa ya zo kusa, a cikin saiti akwai inda ake musanya hagu da dama, wannan ba lalacewa ba ce. A bar shi a kunne aƙalla minti talatin, saboda allon wuta, wato ɓangaren ciki mai rarraba lantarki, idan kafasitonsa sun kumbura sai ya ɗau zafi yake nuna halinsa. Masu gyara a Kaduna suna iya gyara allon wuta da canza fitilun baya. Gilashin allon kansa in ya fashe, ko fatar da ke kansa ta ɗago, magana ta ƙare.

Wanda ya ƙudura lallai sai 3D a gida, majigi ya fi masa. Har yanzu ana samun majigin DLP na BenQ da Optoma masu 3D, tabaransu na DLP-Link kuma ba ya zaɓen kamfani. Hoton inci 100 faɗinsa kimanin mita 2.2 ne, farin bango marar sheƙi ya isa, girman kuma shi ke sa zurfin ya zauna. Amma majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 300, fiye da ninki biyu na talabijin LED mai inci 55, wanda ke kan sola ya lissafa wannan. Ɗauke wuta kwatsam yana rage wa ƙwan kwana, domin fanka ba ta samu ta huce shi ba, don haka UPS ko inbata wajibi ne. Lokacin hunturu ƙura tana toshe kafofin iska, na'urar ta yi zafi ta kashe kanta. A riƙa share kafofin duk mako biyu, a lulluɓe ta bayan ta huce. Akwai kuma na'urar da ake ɗaurawa a fuska, irin Meta Quest 3 da Apple Vision Pro. Nan kowane ido da allonsa, babu inuwa biyu, babu asarar haske. Amma mutum ɗaya take ɗauka, kai kuma kallon iyali kake nema.

Da ni za ka bi, ga inda kuɗin zai tafi. Sabon talabijin mai garanti, inci 55 ko abin da falon zai ɗauka. Kafin a kunna shi, sitabilaiza da na'urar kare tsallen wuta, musamman in ana sauyawa tsakanin janareta da wutar gari. Sai sauti, wanda shi ne abin da aka fi sakaci da shi: lasifikan siraran talabijin suna fuskantar ƙasa ko bango, murya tana nutsewa cikin ƙarar fanka. Doguwar sifika mai akwatin bas, a haɗa ta ramin da aka rubuta HDMI ARC, tana canza kallo fiye da yadda tabarau zai yi, kuma mutum takwas ɗin duka za su amfana, na kujera da na kafet. Kada ka ruɗu da 4K ma in data ce ke ciyar da shi: a Netflix awa ɗaya ta 4K tana iya cin gigabait 7, ta HD kimanin 3, kuma daga nisan mita uku a kan inci 55 ido ba ya bambance su sosai.

Idan babban fim da aka ɗauka don 3D ya fito, a kai manyan yaran silima, ko da sai an hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. A kira tukuna a tabbatar nunin na 3D ne. A zauna a tsakiyar layi, daga rabin zauren zuwa baya kaɗan, a guji layukan gaba da kujerun gefe. A goge tabaran da kyalle mai laushi kafin a fara, mai gilashin likita ya ɗora na silima a kan nasa. Wanda ya ji idonsa ya yi nauyi ya cire tabaran, ya rufe ido na minti ɗaya ko biyu, sannan ya ci gaba.